Mai Neman Masauki a Bakin Teku Ya Fara Tura Jagaba

Jama'ar zango na nan Doha da na gida, ga wani ɗan labari da nake so in ba ku tun lokacin hutu bai ƙarato ba.

Ran Juma'ar da ta wuce, bayan an sallame, muna tsaitsaye a inuwar wani kanti a bakin titin Ahmad bin Ali, nan unguwarmu Bin Umran, sai wani ɗan'uwa direba ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Malam, dubi wurin nan. Nan zan kai iyali in mun je gida hutu." Na karɓa na duba. Ga rairayi fari fat, ga itatuwan kwakwa sun sunkuyo, ga teku shuɗi a kwance kamar an shimfiɗa tabarma. Na ce masa, "Alhaji, wa ka tura ya gano maka?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ai ga hoto." To, wannan dariya ita ta sa na ɗauko littafin da na rubuta labarin tafiyarmu ta 2023 da ajami, na juya shi zuwa boko. Dalili kuwa, ni ma irin dariyar da na yi ke nan, saura ƙiris ta zame mini kukan da ba ya ƙarewa.

Duk wanda ya taɓa yin Yuli a Bin Umran ba zai ga laifin mai marmarin iskar teku ba. Unguwa ce ta benaye masu hawa uku da huɗu, da kantunan Indiyawa, da gidajen shayi, da ma'aikatan asibitin Hamad masu kai da kawowa dare da rana. Da rani zafi yakan haura digiri 45, har hukuma ta hana aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 da rabi na yamma, tun daga 1 ga Yuni har 15 ga Satumba. Yara suna kulle a ɗaki, iyakwandishan na gurnani, ba mai leƙa waje sai bayan magariba. Makarantu kuma a rufe suke Yuli da Agusta, almajiraina ma duk sai su watse. A daidai wannan lokaci zafin bakin tekun Gana bai cika wuce digiri 27 ko 28 ba. Tun 2020 kuwa jirgin Qatar Airways yake zuwa Ankara, tafiyar sa'a takwas ko tara. Saboda haka mutum ya ce zai kai 'ya'yansa su ga dangi, kana ya ƙara musu da kwana kaɗan a bakin ruwa, ai ya yi tunani mai kyau.

Amma akwai abu guda da ya kamata uba ya sani tun bai fita ba. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan suna tsammani sun san teku, don muna kai su Wakra da Katara da Simaisma. Wannan ruwa na nan, watau Tekun Fasha wanda Larabawa ke ce wa Halij, kusan a kewaye yake da ƙasa, inda ya fi zurfi ma bai cika mita 100 ba. A Wakra yaro yakan yi tafiya mai nisa cikin ruwa bai wuce masa gwiwa ba, sai fa in iskar shamal ta taso. Tekun Atalantika da ke bakin Gana ba haka yake ba. Igiyar ruwansa daga can kudu mai nisa take tasowa, ba abin da ya tare ta har ta zo ta fashe a kan gaɓa, kuma ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta, watau daidai lokacin hutunmu. Ni ɗan zangon Kumasi ne, a tudu na tashi, ban san wannan ba sai da na gani.

Kafin in ba ku labarin, bari mu tuna ma'anar sunan da muke amsawa. Zango shi ne inda ayarin fatake yake sauka ya kwana. Kakanninmu da suka riƙa tasowa daga Kano da kanwa da tufafi da fatu, su tafi Salaga ta ƙasar Gwanja su sayo goro, sukan yi wata biyu ko uku a hanya. Madugu kuwa ba ya sauke ayari a inda ya ga ya yi kyau ga ido. Yana da jagaba, mutumin da ya san hanya, wanda yake shiga gaba ya duba ko akwai ruwa, ko akwai ciyawar jakuna, ko wurin yana da aminci. In sun shiga gari kuma, kowane falke yana da mai masaukinsa, wanda zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya gaya masa inda ba a takawa. Da aka yi yaƙin basasar Salaga a 1892 fatake suka watsu, wasu Kete Karachi, wasu Kumasi, wasu har bakin teku, suka tafi da wannan al'ada duk inda suka sauka. Yau kusan ba wani babban gari a gaɓar Gana da ba shi da zango. Ni kuwa, jikan masu wannan hikima, sai na zaɓi masauki ina kwance a ɗakina a Bin Umran, da ɗan yatsa guda.

Wurin da na zaɓa yana tsakanin Oguwa, wanda Turawa ke ce wa Kef Kos, da Elmina. Ba zan faɗi sunansa ba. Na biya kuɗin kwana biyar tun daga nan, don an ce in na biya gaba ɗaya za a rage mini. Muka yi kwana goma a Kumasi wajen dangi, sa'an nan ni da uwargida da yara uku muka gangaro kudu cikin Agusta. Muka isa da dare. Ɗakin dai shi ne na cikin hoton, ba su yi ƙarya ba. Abin da hoton bai nuna ba shi ne famfo ba ya kawo ruwa sai da guga, ragar taga ta yage, bayan gidan kuma akwai wani tafki da sauro ke tashi daga cikinsa kamar hayaƙi. Ƙarƙashin tagarmu kuwa mashaya ce, aka yi ta kiɗa har kusan asuba. Uwargida ba ta ce kome ba, sai da gari ya waye ta ce, "Malam, wannan ne wurin hutun?" Na ce ta yi haƙuri, ai don teku muka zo.

Da hantsi muka fita bakin ruwa. Rabin rairayin da na gani a hoto babu shi, an jibge manyan duwatsu don tare zaizayar teku, ashe hoton tsoho ne. Muka taka zuwa inda yashi ya saura. Can gefe wasu masunta sun yi layi suna jan taru da igiya, suna waƙa. Ɗana na fari, mai shekara 11, ya iya iyo daidai gwargwado. Ya duba ya ga dama da hagu ruwa na fashewa da farin kumfa, amma a tsakiya akwai wani wuri lafiyayye, ruwan ya yi duhu, ba kumfa. Ya ce, "Baba, ga inda ya yi kama da Wakra." Ni da bakina na ce masa ya shiga nan ɗin, ya fi sauƙi.

Ban gama gyara zama ba sai na ga kansa ya yi nisa. Yana ta iyo yana fuskantarmu, amma baya yake yi. Uwarsa ta ƙwalla ƙara. Na ruga cikin ruwa da rigata, igiya guda ta buga ni ƙasa, na tashi ban san gabas ba. Allah cikin ikonsa, wasu samari biyu daga cikin masu jan tarun suka saki igiya suka faɗa. Ba su bi ta inda ya shiga ba, suka kewaya, suka kama shi, suka ja shi gefe guda tukuna, kana suka bar igiyar ruwa ta turo su gaɓa. Ya sha ruwa, ya yi amai, ya yi kuka, amma ga shi da rai.

Wani tsoho cikin masuntan, Bafante, yana jin Hausar kasuwa, ya zo ya tsuguna kusa da ni ina rawar jiki. Ya ce, "Malam, wa ya nuna maka nan?" Na ce, "Baba, ba kowa." Ya girgiza kai, ya zana mini a kan yashi da yatsa. Ya ce duk ruwan da igiya ta kawo gaɓa dole ya koma, to yakan taru ya sami kwararo guda ya bi da gudu zuwa ciki. Inda kwararon yake, ruwa ba ya fashewa, shi ya sa baƙo yake ganin nan ne lafiya. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawa da shi don ya dawo kai tsaye, gajiya ce za ta kashe shi. Sai ya bar jikinsa ya yi yawo a sama, ya ɗaga hannu, in ya iya kuma ya yi iyo gefe, watau ya bi tsawon gaɓa, don kwararon ba shi da faɗi sosai. Da ya gama ya ce, "Ka gode wa Allah yau ba Talata ba ce." Ashe a al'adar masuntan wannan gaɓa ba a shiga teku kamun kifi ran Talata. Da mun zo kwana guda daban, da ba wanda ke jan taru a wurin. Ma'aikatan masaukin kuwa ba wanda ya gargaɗe mu, ba allo, ba tuta, ba mai tsaron masu wanka.

Da azahar na ɗauki yaron muka shiga cikin Oguwa, muka nemi masallaci a Kotokuraba, inda babbar kasuwa take da zangon garin. Bayan salla na ba wani dattijo mahauci labari. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "Malam, kai ɗan zango ne, ka shigo gari ba ka gai da zango ba? Ai da ɗan gari akan ci gari." Na rasa abin cewa. Nan take ya kira ɗansa ya ce ya kai mu wani gidan baƙi a kan tudu. Ba a bakin ruwa yake ba, sai an yi 'yar tafiya ta minti goma, amma daga baranda ana hangen teku da kwale-kwalen masunta. Akwai tankin ruwa, akwai janareto, tagogi duk da raga, iska kuwa ta ishe mu ko fanka ba mu kunna ba. Kuɗinsa bai kai rabin na wancan ba. Da safe ga koko da ƙosai a bakin titi, da rana ga shinkafa da wake, nama kuwa daga hannun dattijon nan yake zuwa, ba mu da wata shakka a kansa. Kuɗin kwana huɗun da suka rage a wancan wuri ban sami ko sisi ba, na bar su a matsayin kuɗin makaranta.

To, jama'a, ga abin da na koyo, in jera muku kamar yadda jagaba zai kawo wa madugu rahoto.

Da farko mutum ya san abin da ya kai shi, don gaɓar Gana ta kai mil 340, kuma kowane yanki da halinsa. Wanda ke son kusa da Ankara, ga Labadi cikin gari, akwai dawaki da 'yan kiɗa, ana biyan kuɗin shiga, Asabar da Lahadi kuwa ba masaka tsinke. Kokrobite, kamar mil 20 yamma da Ankara, wurin matasa ne da kaɗe-kaɗen dare a ƙarshen mako, mai ƙananan yara ya yi tunani. Ada tana gabas, wajen mil 65, inda kogin Bolta ya shiga teku. Can akwai masaukai a gefen kogi inda ruwa yake kwance, amma ruwan kogi yana da tasa cutar, watau tsargiya, saboda haka a yi yawo cikin kwale-kwale da rigar ceto, kada a saki yara su yi ta wanka. Oguwa, mil 90 daga Ankara, da Elmina da ke gaba da ita da mil 8, wuraren gani da ilmi ne. Wanda kuma ya nace sai yara sun shiga ruwa, dattijon nan ya ce a wuce Takoradi a tafi Busuwa. Mun je mun kwana biyu. Gaɓar tana da faɗi, gangarenta a hankali yake, akwai ɗan tsibiri a gaba, akwai kuma samarin garin da ke koya wa baƙi hawan igiyar ruwa da allo, idonsu na kan ruwa kullum. Ko a can ɗin sai da na tambaye su inda za a shiga, kuma ban bar kowa ya wuce ƙugu ba.

Na biyu, kada kusancin ɗaki da ruwa ya ruɗe ka. Ɗakin da ƙofarsa ke buɗewa kan yashi ya fi tsada, kuma mai yara ba ya barci a cikinsa da ido biyu rufe, don yaro na iya sulalewa da sassafe. Gishirin teku yana cin ƙarfe, shi ya sa sau da yawa za ka tarar makulli da famfo da iyakwandishan na irin waɗannan ɗakuna sun lalace. Ka tambaya ko akwai mai tsaron masu wanka, in an ce akwai, ka ce a nuna maka shi.

Na uku, sauro. Ba a ɗaukar zazzaɓin cizon sauro a Ƙatar, saboda haka jikin yaran da aka haifa nan bai san shi ba, mu manya ma da muka daɗe a waje ƙarfin da muke da shi a kansa ya ragu. Garuruwan gaɓa da yawa suna da tafki a gefensu, kamar Fosu a Oguwa da Benya a Elmina, ga kududdufai bayan ruwan sama. A ga likita tun ana nan a karɓi maganin rigakafi, a tafi da gidan sauro, a duba ragar taga kafin a ajiye jaka. In yaro ya yi zazzaɓi bayan an dawo Doha, a gaya wa likita inda aka je. Katin allurar shawara kuwa ana tambayarsa a filin jirgin Ankara, kada a manta shi.

Na huɗu, ruwa da wuta da maƙwabta. Ka murɗa famfo da hannunka. Ka tambaya ko akwai tanki da janareto, da kuma ƙarfe nawa ake kashe shi. Ka zaga bayan gidan ka ga abin da ke can, don mai hoto ba ya juya baya. In da hali ka je wurin da dare, ko ka sa a je maka, ka ji irin ƙarar da ke tashi.

Na biyar, lokaci. Ruwan sama ya fi yawa a gaɓa daga Mayu zuwa farkon Yuli, Agusta kuwa akwai sanyi-sanyi da gajimare. Ran Talatar farko ta Yuli mutanen Elmina suke bikin Bakatuwe, ran Asabar ta farko ta Satumba kuma mutanen Oguwa suke Fetu Afahye, a lokutan nan ɗaki yakan yi wuya. Disamba ma haka, musamman tun 2019 da gwamnatin Gana ta gayyaci jikokin bayin da aka kai Amurka su zo ganin gida.

Na ƙarshe, kuɗi. Ka biya kwana guda, ka ga wuri, sa'an nan ka ƙara. Ragin da za a yi maka don ka biya duka bai kai asarar da za ka yi ba in wurin ya ƙi.

Wani abu da saukarmu cikin gari ya ba mu, wanda da muna can keɓe a bakin yashi da ba mu samu ba, shi ne tafiya da ƙafa zuwa tsohon gidan yaƙin Turawa na Oguwa. Mutanen Suwidin suka fara gina shi a 1653, daga baya ya koma hannun Ingila, garin kuma shi ne hedkwatar mulkinsu har 1877 da suka koma Ankara. Na Elmina ya fi shi tsufa, Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, mutanen Holan suka ƙwace a 1637, Ingilishi suka karɓa a 1872. Aka shiga da mu ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda aka riƙa tsare bayi cikin duhu, aka nuna mana 'yar ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgi. Da yawa cikinsu daga arewa aka gangaro da su. Yaron nan nawa ya tsaya a bakin ƙofar yana kallon ruwan da ya kusa tafiya da shi shekaranjiya, ya daɗe bai yi magana ba. Kashegari muka tafi dajin Kakum, kamar mil 20 arewa, inda aka ɗaura gadojin igiya guda 7 a kan dogayen itatuwa tun 1995, suka hau suna ihu, dariyarsa ta dawo.

Ga kuma wata 'yar fa'ida ga masu salla a ɗaki. A Doha mun saba fuskantar yamma, yara sukan rikice in sun je gida. A gaɓar Oguwa alƙibla tana gabas ta ɗan karkata arewa. Ka sa teku a hannun damanka, ka fuskanci wajen Ankara, ka yi kusa da daidai, sa'an nan ka tabbatar a masallacin zango.

Direban nan da ya nuna mini hoto, na ba shi wannan labari duka muna shan shayi. Ya yi shiru, kana ya ce yana da ƙanen mahaifiya a zangon Sekondi, shekara uku bai kira shi ba. Na ce to ga jagabanka nan, ka kira shi yau, ka gaishe shi tukuna, sa'an nan ka roƙe shi ya taka ya gano maka wurin da idonsa, ya tambayi masunta halin ruwan. Ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu kuma su buɗe ɗan littafi, duk wanda ya je hutu ya dawo ya rubuta inda ya sauka da abin da ya tarar, da wanda za a nema a zangon garin, don na baya su duba.

Allah ya kai mu hutu lafiya, ya dawo da mu da 'ya'yanmu cif-cif kamar yadda muka fita, ya saka wa samarin nan biyu da ban ko san sunansu ba. Amin. Haza wassalam.